Harajin TVA da ribar ƙaramin ɗan kasuwa: me ya kamata a sani?

TVA haraji ne da ake ɗorawa bisa kuɗin kaya, kuma mai saye na ƙarshe shi ke biyan shi. A Nijar kashi 19 cikin 100 ne ga mafi yawan kaya. Ɗan kasuwa amsa kawai yake yi ya miƙa ma ma'aikatar haraji ta ƙasa, wato DGI. Ƴan uwa na waje masu aiko jari a buɗe shago, ku ma wannan bayani ya shafe ku.

Ƴan kasuwa ba tsari ɗaya suke ba. Akwai tsarin lissafi cikakke na manya, akwai sassauƙan tsarin lissafi na matsakaita, sannan akwai harajin dunƙule na ƙanana. Yawan cinikin shekara ne ke nuna inda mutum ya faɗa.

Mu ɗauki misali. Mai shago ya sayi kaya na jika 100, aka ɗora TVA jika 19, ya biya jika 119. Idan yana cikin sassauƙan tsarin lissafi, ya saida kayan jika 150, zai ɗora TVA jika 28 da rabi, ya amshi jika 178 da rabi. Daga TVA ɗin da ya amsa sai ya cire jika 19 da ya biya, ya kai ma gwamnati jika 9 da rabi. Ribarshi jika 50 ce. Daga nan za a cire haya, albashi da kuɗin wuta, abin da ya rage a ɗauki harajin riba, kashi 30 cikin 100. Sauƙin wannan tsari yana wajen rubuce-rubuce, amma lissafin ribar bai canza ba.

Nan ne da yawa ke faɗawa rami. Su ga jika 178 da rabi cikin akwati, su ɗauka duka nasu ne, su kashe. Ranar biya sai a taɓa uwar kuɗi.

Shi kuwa mai harajin dunƙule ba ya ɗora TVA, ba ya kuma cire wanda ya biya. Jika 119 ɗin nan duka kuɗin saye ne. In ya saida jika 150, ribarshi jika 31 ce kawai. Amma mai saye ya samu rahusa, tunda wancan shago jika 178 da rabi yake amsa. Harajin nashi kuma bisa ciniki ake yanka shi, ko an ci riba ko an faɗi. A tsarin lissafi ma akwai ɗan abin da dole a biya ko shekarar ba riba.

To wane ya fi? Ya danganta da masu sayenka. In mutanen gari ne da na ƙauye, rahusar dunƙule tana jawo ciniki. In kamfanoni ne, sun fi son mai ba su takardar saye mai lambar NIF da TVA a rubuce, don su ma su cire nasu.

Abin kiyayewa: TVA da ba ta da takardar saye ta ƙa'ida ba a cire ta. Ku adana kowace takarda, ku ware kuɗin TVA daban tun ranar da kuka amsa, kuma ku je ofishin haraji na garinku ku ji iyakar cinikin da doka ta yanka ma kowane tsari bana.