Daga Sandar Matafiyi Zuwa Hatimin Fasfo: Takarda da Ɗalibin Ƙasar Hausa a Sudan

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Kartum a watan Maris na 2025, mutanen da yaƙi ya kora suka fara komawa gidajensu, har da na unguwanni irin su Umbadda da ke yammacin Umdurman. Su kuma ɗaliban ƙasar Hausa da aka kwashe a 2023, tambaya biyu ce a bakinsu: yaushe za mu koma, kuma da wace takarda? Ta biyun ta fi nauyi, domin an ga ɗalibin da ya gama karatu sarai amma rashin hatimi guda a fasfo ya tsayar da rayuwarsa cak. Wannan ba sabon abu ba ne a kan hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da Kogin Nilu. Fiye da shekara ɗari ke nan kowane zamani yana zuwa da takardar da matafiyi bai ɗauke ta da muhimmanci ba, sai ranar da aka ce ya nuna ta.

Zamanin da ba a tambayar fasfo

Kafin zuwan Turawa, maniyyaci ko almajirin da ya nufi gabas yakan bi ayari ta Barno, Bagarmi, Wadai, Darfur da Kurdufan, ya tsallake Nilu, ya isa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Ana yada zango a yi noma ko sana'a, a tara guzuri, a ƙara gaba. Abin da mai neman ilimi yake riƙewa shi ne ijazar malaminsa, wani lokaci da wasiƙar wani sarki zuwa ga takwaransa. Shaidar mutum kuwa ita ce madugun ayari da 'yan garinsu da ya tarar a zango.

Hijira mafi girma ta biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Babu wanda ya buga musu hatimin shiga. Mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1903, za mu dawo kanta.

Fasfon alhazai

Da Ingila ta riƙe Najeriya, ta kuma riƙe Sudan tare da Masar tun daga 1899, sai hanyar ta sauƙaƙa ta wani ɓangare, ta tsananta ta wani. Jirgin ƙasa ya isa El-Obeid a wajen 1912, ya rage wa matafiya dogon taki. Madatsar ruwa ta Sinnar da gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, suka samar da aikin ƙodago ga dubban Takari masu tara kuɗin jirgin ruwa.

A cikin waɗannan shekaru na 1920 ne hukumomin mulkin mallaka suka fito da tsarin fasfon alhazai. Aka ce maniyyaci ya karɓi takarda tun daga gida, ya ajiye kuɗin da zai dawo da shi, a yi masa allurar rigakafi, ya kuma zauna a killace a Sawakin. Dalilansu uku ne: tsoron annoba irin su kwalara da agana, yawan alhazan da guzuri ke yanke wa a Hijaz, da kuma fargabar kada aƙidar Mahadiyya ta bi hanyar ta isa Arewa. Talaka mai tafiya a ƙasa ya ga abin a matsayin haraji kawai. Da yawa suka kauce wa ofisoshin, wasu suka ratsa ta Masawwa da ke hannun Italiya, wasu suka tsallaka teku da dare a kwale-kwale. Sun tsira da 'yan kuɗinsu, amma ba su bar wa 'ya'yansu wata shaida a rubuce ta ranar da suka shigo ƙasar ba.

Ranar 31 ga Disamban 1897

Kuɗin wannan rashi sai jikoki suka biya. Dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan a 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 wadda ta biyo bayan 'yancin kai na 1956, sun ɗora ma'auni a kan rana guda: mutum ko kakanninsa ta wajen uba su kasance mazauna Sudan tun 31 ga Disamban 1897. Mutanen Mai Wurno sun iso bayan 1903. Ma'aikatan Jazira sun iso bayan haka. Ko waɗanda kakanninsu suka riga wannan rana zuwa, da me za su tabbatar?

Haka aka sami yaran da aka haifa a Sinnar, Gadarif, Kasala ko Umdurman, ba su taɓa ganin Kano ba, amma samun takardar jinsiyya ya zame musu aiki ja. Ba jinsiyya, ba fasfo, ba aikin gwamnati, kuma ƙofar karatu mai zurfi ta ƙuntata. Najeriya ma ba ta da sunansu a kundinta. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, abin ya yi sauƙi a rubuce, sai dai tambayar "kawo shaida" ba ta daina bin Bahaushen Sudan a ofisoshi ba.

Ɗalibai masu biza

A gefe guda kuma wata alaƙa ta daban tana ginuwa, ta makaranta da makaranta. Makarantar koyon shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai 'yan Sudan ta fara, ita ce daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta tura ɗalibai kwalejin horon malamai ta Bakhtur-Ruda, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi. Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Kartum ta zama Jami'ar Ifriƙiyya a 1992, ta cika da 'yan Najeriya da Nijar da Chadi. Daga baya gwamnatocin jihohi irin su Kano, Jigawa da Sakkwato suka riƙa tura ɗalibai karatun likita, musamman mata, saboda iyaye sun fi natsuwa da yanayin ƙasar.

Wannan ɗalibi a jirgin sama yake zuwa, kuma zamansa duka a kan takardu ya rataya: fasfo, bizar shiga, katin allurar shawara, rajistar baƙi cikin kwana uku da sauka, wasiƙar jami'a, sai iƙama wadda ake sabuntawa. In ya gama, shahadarsa sai ta bi ta ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje an buga mata hatimin tabbatarwa. A lokacin zaman lafiya duk wannan bin layi ne kawai da 'yar gajiya.

Asabar, 15 ga Afrilun 2023

Da safiyar wannan rana, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Ofisoshi suka rufe da abin da ke cikinsu. Wanda ya miƙa fasfonsa don sabunta iƙama, can ya bar shi. Wanda ya kai nasa ofishin jakadancin wata ƙasa neman biza, shi ma haka. Amurka ma ta tabbatar da cewa ta lalata fasfunan da ke ofishinta kafin ta kwashe ma'aikatanta.

Najeriya ta yi hayar motocin safa suka nufi iyakar Masar a ƙarshen Afrilu. A mashigar Arkin ɗalibai suka shafe kwanaki a filin Allah, domin Masar ta ce sai an cika sharuɗɗanta na shiga. Sai da maganar ta kai ga shugabannin ƙasashen biyu kafin a buɗe musu. Rukunin farko, mutum 376, ya sauka Abuja daga Aswan ranar 3 ga Mayu, sauran aka riƙa ɗebo su har ta Fot Sudan, jimilla sama da dubu biyu. Wanda ba shi da fasfo, takardar tafiya ta gaggawa ce ta kawo shi gida, ita kuwa aikinta ya ƙare da saukar jirgi.

Daga nan aka shiga wani sabon layi. Hukumar JAMB ta fitar da tsarin shigar da ɗaliban cikin jami'o'in gida, amma ginshiƙinsa shi ne takardar sakamakon darussan da ɗalibi ya riga ya ci, kuma majalisar kowace jami'a ce mai yanke hukunci. Ta yaya za a karɓo sakamako daga ginin da ya zama sansanin mayaƙa? Wasu jami'o'in Sudan sun koma koyarwa ta intanet, wasu suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a garuruwan da ke da sauƙi da ƙasashen waje, wata jami'ar likitanci ma ta kai ɗalibanta Tanzaniya da Ruwanda.

Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne wanda jaridu suka ruwaito a 2025. Ɗaliban likita 47 na wata jami'ar Kartum sun ƙarasa horonsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato bisa yarjejeniya tsakanin makarantun. Da suka zo rajistar jarrabawar Hukumar Likitoci ta Najeriya, wadda duk wanda ya yi karatu a waje sai ya rubuta, aka nemi bizar shigarsu ta farko da hatimin fitarsu na ƙarshe. Hukumar tana da hujja, domin da waɗannan hatimai take gane wanda ya zauna a aji da wanda ya sayo shahada. Ɗaliban ma suna da tasu, domin wanda ya fito a guje cikin ƙarar harsashi bai tsaya neman mai hatimi ba. Tambayar da aka yi wa jikokin Mai Wurno ce ta dawo: kawo shaidar ranar da ka shigo.

Ga mai shirin komawa

Tarihin nan yana da amfani a aikace. Mai niyyar komawa ya fara duba wa'adin fasfonsa, domin galibin ƙasashe suna son a ga aƙalla wata shida a gaba. Idan ya yi sabo, kada ya yar da tsohon, a cikinsa tarihin shigarsa da fitarsa yake. Idan tsohon ya salwanta, ya nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu tun yanzu, ya kuma adana duk wata shaidar cewa yana cikin waɗanda aka kwaso. Iƙamar da aka buga kafin yaƙi ta daɗe da ƙarewa, saboda haka sai sabuwar biza, ita kuma tana buƙatar sabuwar wasiƙa daga jami'a mai nuna cewa sunansa yana nan da ajin da ya tsaya. Ya tambayi ofishin jakadancin Sudan da bakinsa, kada ya dogara da dillali ko saƙon WhatsApp. Ya tabbatar a wane gari jami'arsa take karatu a yanzu, kuma hukumomin gida sun amince da wannan tsari. Kowane zangon karatu ya karɓi sakamakonsa a rubuce, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya ajiye kwafi a intanet, wani kuma a hannun iyaye.

Akwai kuma nauyi a kan jihohin da suka tura ɗalibai da ofishin jakadancin Najeriya. Jerin sunayen waɗanda suka hau motocin nan da jiragen nan yana hannun hukuma, kuma ya isa ya zama shaidar fita ga wanda bai sami hatimi ba. Kakanninmu ba su da wanda zai rubuta musu ranar isowarsu bakin Nilu. Ɗaliban 2023 suna da shi, abin da ya rage shi ne ofis ya yarda da takardar ɗan'uwansa ofis. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowane ɗalibi ajinsa.