Asibitin Koyarwa na Maiduguri: Tarihinsa da Zamanmu a Yerwa



Kwanan baya na je duba wani dattijo daga cikin iyayenmu a asibitin koyarwa, wanda mutanen gari suke kira TH. Muna cikin hira sai ya ce da ni, lokacin da ya zo Yerwa yana saurayi, idan ciwo ya yi tsanani ga Bahaushe, maganar da ake yi ɗaya ce, wato a nemi mota a kai shi gida. Ya ce yanzu kuwa daga gida ake bugo masa waya ana tambayar yadda za a ga likita a nan. Wannan maganar ce ta sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wurin.

A shekarar 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Gabas, aka sa hedikwatarta a Maiduguri. A wancan zamani makarantar koyon likita ɗaya ce a duk Arewa, ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga shi kuma daga nan zuwa Kano kaɗai tafiyar kusan kilomita 600 ce. Gwamnatin jihar ce ta fara shirin gina babban asibitin ƙwararru a shekarar 1974. Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, sai Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Maiduguri, wadda ta gaji gine-ginen kwalejin NECAS a kan hanyar Bama. Da yake ba a koyon likita a allo kaɗai, dole sai ɗalibi ya tsaya a bakin gadon majinyaci, sai Tarayya ta karɓi ginin ta mayar da shi asibitin koyarwa na jami'ar.

An fara kwantar da majinyata a shekarar 1982. Manyan unguwarmu ba za su manta da wannan shekara ba, domin a watan Oktobanta ne rikicin 'yan Tatsine ya ɓarke a nan Bulumkutu. Shugaba Shehu Shagari ne ya buɗe asibitin a hukumance a 1983, lokacin Farfesa Jibril Aminu, wanda shi kansa likitan zuciya ne, yana shugabancin jami'ar. Ku lura da wani abu, jama'a: sai a 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ke nan garin da muka zo ci-rani ya riga garin da da yawanmu muka baro samun irin wannan asibiti.

Tsarin karatun kuwa shi ne, ɗalibi yana shafe shekara shida. Yana fara sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda yake aiki a aji, sannan ya koma ɗakunan jinya yana bin manyan likitoci zagaye. Shi ya sa in an kwantar da naka za ka ga samari da 'yan mata cikin fararen riguna sun kewaye gado suna rubuce-rubuce. Wasunmu kan ji haushin haka, su ce an mayar da su abin gwaji, alhali babban likitan da suke nema shi ma ta nan ya biyo. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, ɗan asalin garin nan da ya rasu a 2023, yana cikin waɗanda suka raini wannan kwaleji, kuma sunansa ne aka sa wa asibitin jiha da ke nan Bulumkutu.

A shekarar 2010 asibitin ya yi dashen ƙoda na farko. Duk wanda ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi mutanen Borno da Yobe, musamman yankin Gashuwa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma ana kawo majinyata daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Sai kuma shekarun wahala. Daga 2009, da rikicin Boko Haram ya kunno kai, mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun bar gari, har da namu. Amma jami'ar ba ta rufe saboda rikicin ba, ko bayan bom ɗin da ya tashi a masallacinta a watan Janairun 2017, asibitin ma bai daina karɓar waɗanda suka jikkata ba. A watan Satumban 2024 kuma madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya shiga asibitin ya lalata na'urori masu tsada, a daidai lokacin da gari ya fi bukatarsa.

To, ina ruwanmu da duk wannan? Kanuri suna kiranmu Afuno, mu ma har yau wasunmu suna ɗaukar kansu baƙi, ana jiran ranar komawa. Amma a wannan asibiti aka haifi 'ya'yanmu da yawa, a can kuma wasu iyayenmu suka cika, aka rufe su a ƙasar Borno. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mun daɗe a nan har mun zama 'yan gari, kuma ɗan gari ba ya tsayawa kallo.

Shawarata biyu ce. Ta farko, ƙungiyoyinmu na kasuwa da na unguwa su riƙa shirya bayar da jini, kada mu jira sai namu yana kwance mu fara yawon neman mai bayarwa. Ta biyu, yaro ko yarinyar da aka ga tana da kai a kimiyya, a haɗa hannu a ɗauki nauyinta zuwa wannan kwaleji. Tsohuwar da ba ta jin Turanci tana samun sauƙi tun daga jin likita ya ce mata, "Sannu Baba, ina ne ke miki ciwo?"

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da Borno lafiya. Wassalam.