Gado da Ciwon Sukari na Lokacin Juna Biyu

Ciwon sukari na lokacin juna biyu shi ne hauhawar sukari a jinin macen da ba a san ta da ciwon ba kafin ta ɗauki ciki. Yayin da ciki ke girma, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini zuwa sassan jiki. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ɗin. Wadda jikinta ya gaza yin haka, sai sukari ya taru a jininta.

Matsayin gado

Wannan gazawa tana da nasaba da ƙwayoyin halittar da muke gadowa daga uwa da uba baki ɗaya. Masana sun gano wasu daga cikinsu, kamar TCF7L2 da MTNR1B da CDKAL1, waɗanda kuma suke da hannu a ciwon sukari nau'i na 2. Saboda haka macen da mahaifiyarta, ko mahaifinta, ko wani ɗan'uwanta na jini ke da ciwon sukari ta fi sauran mata shiga haɗari. Muna jaddada cewa ɓangaren uba ma abin lura ne.

Sai dai gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ƙiba, yawan shekaru, rashin motsa jiki, da haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4 a baya, duk suna ƙara haɗarin.

Abin yi

Sau da yawa ciwon ba ya nuna wata alama, gwajin jini ne ke bayyana shi. Akan yi gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, ko kafin nan ga mai tarihin ciwon a danginta. Idan aka yi sakaci, jariri na iya yin girman da zai jawo doguwar naƙuda ko tiyata, uwa kuma ta kamu da hawan jini. Idan aka gano shi da wuri, gyaran abinci da motsa jiki sukan wadatar, wasu kuma sai an haɗa musu da magani.

Ciwon yakan lafa bayan haihuwa, amma wajibi ne a sake gwaji bayan arba'in, domin yana iya dawowa daga baya.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni, ungozomomi da magidanta da su ƙarfafa wa mata zuwa awon ciki da wuri, tare da shaida wa ma'aikatan lafiya duk wani mai ciwon sukari a cikin dangi.