Kuɗin Caca da Tarihin Yaƙi a Garuruwan Birtaniya

Da wuya a sami gari ko ƙauye a Birtaniya da ba shi da dutsen tunawa da 'ya'yansa da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yawancin duwatsun nan mutanen gari ne suka kafa su da kuɗin karo-karo bayan 1918. Baje kolin kayan yaƙi kuwa ya daɗe a hannun rundunonin soja da manyan gidajen tarihi, irin su Imperial War Museum na Landan, wanda aka kafa a 1917 ana tsakiyar gwabzawa.

Al'amarin ya sauya a 1994, lokacin da gwamnati ta buɗe cacar ƙasa, ta kuma ware wani kaso na kuɗin tikiti domin ayyukan al'umma. Asusun Heritage Lottery Fund shi aka ɗora wa rabon kason kayan tarihi. Da shekara ɗari da ɓarkewar yaƙin ta matso, asusun ya ba Imperial War Museum fam miliyan 6.5 don sabunta zaurukansa, aka buɗe su a watan Yulin 2014. Amma shirin da ya fi ratsa ƙasa shi ne na ƙananan tallafi da aka ƙaddamar a 2013, wanda ya riƙa ba ƙungiyar unguwa ko makaranta ko ɗakin karatu daga fam 3,000 zuwa fam 10,000.

Kuɗin ba su da yawa, amma sun isa a sayi akwatin gilashi, a buga hotuna, a ɗauki muryar tsofaffi, a kai ɗalibai ɗakin ajiyar takardu. Jama'a suka riƙa fito da abin da kakanni suka bari: wasiƙun da aka rubuto daga ramukan yaƙi na Faransa, da lambobin girma, da faifan tagulla da gwamnati ta aika wa iyalan mamata, wanda sunan mutum kawai aka zana a kansa, ba a sa muƙami ba. Ɗalibi kan ɗauki suna ɗaya daga dutsen garinsu, ya bi diddiginsa har ya gano layin da mutumin ya zauna da masaƙar da ya yi aiki. A gari irin Accrington, inda bataliyar abokai da maƙwabta ta yi asarar ɗaruruwan mutane a fagen Somme ranar 1 ga Yulin 1916, wannan darasi tarihin gida ne.

Tsarin ya kasance da giɓi, domin tallafin ya riƙa zuwa ne ga wanda ya iya cika takardar nema, kuma yake da dangi a kusa. Sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa, sun yi wa Birtaniya yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas, daga baya kuma a Bama, amma galibin jikokinsu ba sa cikin garuruwan da aka yi rabon. Sai a 2017 aka buɗe dutsen tunawa da sojojin Afirka da Karebiyan a unguwar Brixton ta Landan. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta nemi gafara, bayan bincikenta ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba.