Mai ciwon hanta da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini

Mai tsohon ciwon hanta, musamman wanda hantarsa ta ƙanƙance ta yi tauri, ya fi sauran mutane haɗarin ƙwayoyin bakteriya su shiga jininsa. Dalili kuwa shi ne, jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya koma zuciya, hantar ce ke tace ƙwayoyin da suka ɓullo tare da shi. To idan ta lalace, jinin kan bi wasu jijiyoyi ya kauce mata, bangon hanjin ma ya yi rauni, sai ƙwayoyi irin su E. coli da Klebsiella su samu hanya. Wasu kuma ta fata suke shiga, kamar Staphylococcus aureus, ta wani gyambo a kumburarriyar ƙafa, ko tsagar wanzami, ko bakin allurar ƙarin ruwa. Wani babban nazari da aka buga a 2010 ya nuna kamuwa da irin waɗannan ƙwayoyi na ninka haɗarin mutuwar mai irin wannan hanta kusan sau huɗu.

Abin da na fi so 'yan uwa su riƙe shi ne, zazzaɓi ba lallai ya zo ba. Jikin mara lafiyar na iya zama da sanyi ƙalau alhali cutar ta yi nisa. Sau da yawa alamar farko ita ce rikicewa: mutum ya riƙa barci da rana yana farke da dare, yana maganar da ba ta kan hanya, hannunsa na karkarwa. Fitsari ya ragu, shawara ta ƙaru a ido, numfashi ya yi sauri, cikin da ya tara ruwa ya fara ciwo. A unguwanninmu, daga Agege har Sabon Ibadan, da an ga haka sai a ce maleriya ce da taifod a nufi kemis, ko a ce iska ce a nemi mai ruƙiyya. Wasu kuma su ce a kai shi gida Arewa. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi tsada, domin motar Legas zuwa Kano kwana take yi a hanya, cutar nan kuwa cikin awoyi take taɓa ƙoda ta kayar da bugun jini. Asibiti mafi kusa, a ranar, shi ne magana.

A can za a ɗebi jini don gano irin ƙwayar, an fi so a ɗiba kafin a fara magani. Idan ciki na da ruwa, za a zuƙi kaɗan da allura a ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki. In wani nau'insu ya kai 250 a ma'aunin da ake amfani da shi, ruwan ya kamu ke nan. Sai a fara maganin kashe ƙwayoyi ta jijiya, wani lokaci a haɗa da ƙarin sinadarin albumin don kare ƙoda. Wanda ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ana ba shi maganin ko da alamar kamuwa ba ta bayyana ba, har zuwa kwana 7.

Kada a ba shi dikilofenak ko ibufurofen, kada kuma a yarda a yi masa allurar jentamaisin a kemis, duk suna cin ƙoda. Mazauna bakin teku irin su Legas da Fatakwal kuma, akwai ƙwayar Vibrio vulnificus da ke rayuwa a ruwan gishiri mai ɗumi, tana yi wa masu ciwon hanta mummunan kamu. Mai ciwon ya guji ɗanyen abincin teku mai ɓawo, kuma kada ya shiga irin wannan ruwa da rauni a jiki, ko da ɗan yankan wuƙa ne.