Yadda Japanawa Suka Sa Wa Gwajin Basira Suna

Ina cikin rubuta wani littafi na maƙale a kan kalma ɗaya. Akwai yarinya a labarin da aka kai wa likita don a auna kaifin ƙwaƙwalwarta. Na rubuta gwajin hankali, sai na ga kamar na ce tana da taɓuwa. Na sa wayo, ya zama kamar zagi. Wannan ya sa na shiga neman yadda wasu al'ummai suka yi da nasu harshen, har na faɗa kan Japanawa.

Asalin abin daga Faransa ya fito. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara tambayoyi don gano yaran da karatu ke yi wa wuya, a taimaka musu. Shekara uku kacal bayan nan, a 1908, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Miyake Koichi ya gabatar da shi a Japan. A shekarun 1920 har aron sunan Turanci suka yi, suna cewa mentaru tesuto, kamar yadda mu ma muke lanƙwasa kalmar Bature ta zauna a bakinmu. Sunan da ya zauna daga baya shi ne chino kensa.

To, mai karatu, nan ne abin ya ja hankalina. Chi sani ne, no kuwa iyawa. Kensa ita ce kalmar da suke amfani da ita wajen gwajin jini a asibiti. Wato ba jarrabawar makaranta suka ɗauke shi ba, dubawa ce irin ta likita.

Ko harafin chi ɗin ma yana da tarihi. Lokacin da Suzuki Harutaro, malamin makaranta a Osaka, ya fitar da nasa gwajin a 1930 bayan ya gwada dubban yara, da tsohon harafi ake rubuta kalmar, mai nufin hikima, irin wadda malamansu na da ke lissafawa cikin kyawawan halaye. A 1946 gwamnati ta taƙaita haruffan yau da kullum zuwa 1,850, wannan bai samu shiga ba. Aka maye gurbinsa da ɗan'uwansa mai furuci iri ɗaya, wanda ke nufin sani kawai. A kunne babu abin da ya canza, amma a takarda hikima ta fita. Ni dai a ganina gyaran ya fi gaskiya, don ban ga yadda za a auna hikimar yaro a zama ɗaya ba.

Tanaka Kanichi ya fitar da nasa a 1947, kuma har yau ana sabunta shi. Sakamakon irin wannan gwaji na cikin abin da ake dubawa kafin a ba yaro mai jinkirin fahimta katin tallafi, tsarin da aka soma a 1973.

Ita kuwa yarinyar littafina, gwajin basira na rubuta mata, na bar uwarta tana tambayar likita ko ciwo ne.