Wurno: Ribaɗin da Lambunsa Ya Fi Ganuwarsa Daɗewa

A ƙasashen Faransa da Italiya akwai ƙananan garuruwa cikin kwari da suka yi suna wajen noman inabi, har sunan gari ya koma sunan amfanin gonarsa. Mu ma a Sakkwato muna da namu. Idan aka ce Wurno a kasuwa yau, tafarnuwa da albasa ke fara zuwa zuciya. Amma kafin lambu ya karɓe sunan, daga nan ake juya daular Usmaniyya.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa garin wajen shekarar 1830, arewa maso gabas da Sakkwato, bisa tudun da ke kallon fadamar Gulbin Rima. Ribaɗi ya yi, wato sansanin tsaron iyaka, don tare harin Gobirawa. Hikimarsa ita ce bai tara mayaƙa kaɗai ba. Ya zaunar da manoma da makiyaya da malamai, domin ya san tsaro ba ya ɗorewa da yunwa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ya koma Wurno, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi masa marsiyya.

Sarakunan da suka biyo baya sun riƙe wannan al'ada. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya fi zama a Wurno, shi ya sa Bajamushen nan Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin a 1853 kafin ya nufi Tambutu. A 1885 Baturen Birtaniya Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru a can da takardar yarjejeniyar kamfaninsa. Abdurrahman ma a Wurno ya cika a 1902, 'yan watanni kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903.

Da mulki ya tattara ya koma birni, sai garin ya rage da sarautar Sarkin Sudan da fadamarsa. Ganuwa ta zaizaye, amma noman rani bai mutu ba, ruwan Rima kuwa da aka tare a madatsar Goronyo shi ke shayar da shinkafa da alkama da tafarnuwa.

To, 'yan'uwa marubuta, abin lura a nan shi ne, kamannin tsohuwar Wurno da aka fi karantawa daga alƙalamin baƙi suka fito. Ga dattawa da ke riƙe da labarin unguwanni da ƙofofi, ga Wurno ba nisa daga Sakkwato. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu je mu rubuta tun masu faɗa suna raye.